Buhun Ƙasar da Yayan Mijina Ya Kawo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haɗa ƙasar shukata a bayan gidanmu na unguwar Mahjar. Ƙasar Jidda yashi ce da gishiri, ba ta raya komai sai ka wahala. Kashin ragunan layya, ganyen shayi, ɓawon albasa, ruwan alwala, duk a nan nake zubawa, har ta yi baƙi ta fara ƙamshi. Yakuwa ta kama, da lalo, da zogale uku. Matan layinmu a wurina suke tsinkar ganyen miya.

Yayan mijina yana aiki a wani sito na furanni a Madinar Masana'antu, inda ake sauke shuke-shuke daga ƙasashen waje. Wata Juma'a ya zo da buhu huɗu na ƙasa, ya ce kyauta ce, irin ta gidajen manya. Na yi ta godiya kamar wawiya. Na gauraya ta da tawa, na kuma ɗiba wa maƙwabta a gwangwani.

Bayan wata biyu na sa hannu zan cire ciyawa, sai wani abu ya yi tsalle ya bugi yatsana. Tsutsa ce, amma ba irin tanar da muka sani a gida ba. Tana da farin zobe a wuya, tana fizge-fizge kamar ɗan maciji, da na kama ta sai ta tsinke wutsiya ta bar min. Na tona, na tarar da su jingim a sama-sama.

Sun cinye takin kaf. Ƙasata ta koma tsaki-tsaki kamar garin gahawa. In na zuba ruwan da muke saya a tanka, sai ya zarce ƙasa ya bar saiwoyi a fili. Lalo ya fara mutuwa, yakuwa ta bi. Tsohuwar da ke gidan kusa ta aiko min da gwangwaninta, barkononta a bushe, ba ko sallama.

Abin da ya fi ƙona min rai na ji shi ne daga bakin direban siton. Ashe mai wurin ya ga tsutsar tun farko, ya ba da umarni a ƙone buhunan. Yayan mijina ya loda su a mota domin a ce yana da hannun kyauta.

Da ya zo cin abinci na tare shi a ƙofa.

"Yaya, ka san an ce a ƙone ta?"

Ya yi dariya ya ce, "Halas, zance ya ƙare, ƙanwata. Ƙasa ce fa, ba zinariya ba."

Mijina ya ce in yi shiru, babba ne. Ban yi ba. Na faɗi abin da ke bakina har sai da yayan nasa ya maida takalminsa ya tafi.

Na kwashe ƙasar duka na shanya a kan rufi, na lulluɓe da baƙar leda rana ta dafa ta da ƙwayayen da ke ciki. Na bi gida bakwai ina roƙon su yi haka. Biyu suka ƙi buɗe min ƙofa. Zogale ɗaya ne ya tsira.

Har yayan mijina ya bar aikin bai taɓa cewa in yafe masa ba. Muna gaisawa ranar salla, shi ke nan.