Mun Rasa Malama Sake-Gwaji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, ƙanenki ya kira ni ya ce Allah ya yi miki rasuwa bayan gajeriyar jinya. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗakin gwajinki, in fito, in zagaya injin narka roba, in sake komawa.

Ni ne babban mai kula da injin a masana'antar da kika tarar tana dab da rufewa. Muna narka tsofaffin jarkoki da leda da murafen kwalabe mu zuba kujeru, su yi ta tsagewa, 'yan kasuwa na dawo mana da kaya. Ke kika fahimtar da mu cewa robobin ba jinsi ɗaya ba ne, ba sa kama juna sai an zuba wani sinadari da zai riƙe su, a kuma dace da zafin wuta.

Kin sha wuya kafin ki dace. Duk kujerar da ta fito sai ki ce, "Kawu, kai ka fi kowa nauyi, zauna ka jijjiga." Ranar da wata ta karye na yi zaman dirshan a ƙasa, kika ɗaga ni kina ba ni haƙuri, dariya na cin ki, kika ce a sake gwadawa. Daga nan sunan Sake-Gwaji ya bi ki.

Ban manta ranar da mai masana'anta ya matsa a loda kujerun wata makarantar firamare ba tare da gwaji ba. Kika tsaya a bakin mota kika ce, "Ranka ya daɗe, yara ne za su hau. Ba zan sa hannu ba." Ya yi fushi, ya dawo ya sauko. Matan da ke tsince roba kuwa, ke kika tsaya musu har aka saya musu safar hannu da takunkumi.

Allunan da kika fara haɗawa da roba da ɓuntun shinkafa suna nan a kan kantar ɗakin gwajinki. Ma'aikata na ta tambayata yadda za a ƙarasa su.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki da maigidanki da 'ya'yanki. Allah ya ba su haƙuri, mu ma ya ba mu.