Ɗaurin Kirgi a Bakin Tiyo

Shekarun farin nan na saba'in da 'yan kai, ni ne direban masu haƙa rijiyoyin gwamnati a ƙasar Gumel. Tarakta nake ja, a bayanta da tirela mai ɗaki, inda helumanmu, wato shugaban ma'aikatan, yake kwana da kayan aiki. A gindin tirelar akwai tankin ruwa, an haɗa shi da famfo ta wani guntun tiyo. Da wannan ruwan mahaƙa goma sha biyu suke sha su yi girki, don inda ake haƙa rijiya ai babu ruwa tukuna.

Tiyon nan shi ya so ya kashe ni. In na cika tanki a Gumel na kama hanyar yashi, kafin in kai wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, jijjiga ta sassauta bakinsa. Sau biyu ina isa da rabin tanki. Na biyun heluma ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Direba, in ka sake shayar da hanya ka bar mutanena da ƙishirwa, ka ajiye mini makulli." Ga matata ta haihu ko arba'in ba ta yi ba.

Waya nake ɗaure shi da ita, in murɗe da filaya har hannuna ya yi kanta. Ashe ni nake cutar kaina, wayar ce take yanka robar a hankali.

Ranar kasuwar Maigatari na tsaya neman sabuwar waya, tanki babu ko ɗigo. Wani tsohon baduku mai ɗinka guga yana zaune a rumfarsa yana kallona ina fama ina tsaki.

"Samari, ƙarfe da roba ba sa shiri," in ji shi. "Kawo in ɗaure maka da kirgi."

Raina ya ɓaci. Ni da na koyi mota a Kano, mai guga zai koya mini aiki? Na ce, "Baba, wannan fa ba salkar ruwa ba ce."

Ya ce, "To me ce ce? Salka ce mai ƙafa huɗu."

Mutane suka kwashe da dariya, kunya ta sa na matsa na ba shi wuri. Ya naɗe bakin tiyon da yankin robar tayar keke, sannan ya ciro siririyar ɗanyar fatar shanu da ya jiƙa a kasko, ya yi ta zagayawa yana ja da haƙori. Da na taɓa na ji laɓo-laɓo, na ce a raina shi ke nan, aikina ya tafi.

Na tashi zan je in cika tanki, ya daka mini tsawa. "Kul! Ka juya gindin motar ga rana, kada ruwa ya taɓa shi sai la'asar." Haka na zauna ina zufa ina jin haushinsa. La'asar na yi, fatar ta bushe ta shaƙe tiyon, ko farce ba ya shiga. Ya shafe ta da kitse don kada danshi ya sake sassauta ta.

Washegari na cika tanki na kama hanya. Kowane rami na faɗa sai gabana ya faɗi. Sau huɗu ina tsayawa in duba yashin da na baro, ban ga ko layin jiƙa ba.

Da na isa, mahaƙa suka fito daga rami da kwanukansu, leɓɓansu duk sun tsage. Heluma ya hau ya buɗe murfi, ya zura hannu, bai kai wuyan hannu ba ya taɓo ruwa. Sai ya ɗebo kwano guda ya miƙo mini kafin kowa.

Na karɓa. Na zauna a inuwar taya na shanye shi tas, makullin yana aljihuna.