Anti Kaka da Allunanta Goma Sha Biyu

Kullum bakwai saura, kafin mai gadi ya gama shan shayinsa, ta riga ta buɗe ajin 'yan shekara huɗu. Ta yi shara, ta jera kujerun nan da ba su kai gwiwa ba, sannan ta buɗe kabad ta fito da kwamfutocin hannu goma sha biyu, waɗanda ita take kira alluna. Ɗaya bayan ɗaya take goge su da tsumma, don ba abin da ba ta taɓa tararwa a fuskarsu ba: majina, yawu, danƙon alewa, har da shatin haƙori. Kowanne ta raɗa masa suna. Akwai Mai Tsage, wanda ya faɗo daga tebur, akwai Sarkin Barci, wanda ko awa guda ba ya yi cajinsa ya ƙare.

Yara na kiran sauran malamai Anti. Ita kuwa da suka ga furfura sai suka rasa yadda za su yi, suka haɗa mata biyu: Anti Kaka. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aji, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ba da son ranta allunan suka shigo ba. Mai sharar makarantar ce ta ba ni labarin ranar farko. Hedimasta ya tara malamai yana ta fara'a, ya ce daga yau na'ura ce za ta koyar, malami sai sa ido. Anti Kaka ta karɓi nata da hannu biyu kamar an miƙa mata garwashi. Tana taɓawa wata murya ta ce, "Madalla! Kin yi ƙoƙari!"

"Ikon Allah," in ji ta. "Ban yi komai ba fa. Maigidana ma sai na wuni a kicin yake faɗin haka."

Amma ba ta ji kunyar koyo ba. Ta zauna a 'yar kujera, ɗalibanta suka zama malamanta. Wata 'yar ficiciya ta ce mata, "Anti Kaka, a hankali, ba kyankyaso kike kashewa ba." Kafin wata biyu ta ƙware, ta kuma kafa dokarta: minti ashirin kacal, yara biyu allo ɗaya, don dole su yi magana da juna ko da faɗa ne.

Wata rana ta ga wani yaro ya sa yatsu biyu a hoton akuya cikin littafi yana ta ja, wai ya ƙara girma. Da ya ƙi, ya ce, "Littafin ya lalace." Washegari sai ga ta da akuya ta gaske da ta aro a maƙwabta. Yara suka taɓa, suka shinshina, suka ƙirga ƙafafu. Akuyar kuma ta cinye rabin jadawalin darasi, har yau Hedimasta bai gama yafewa ba.

Ni tela ne, kuma ina da dalilin wannan rubutu. 'Yata Auta tana ajinta. Allunan nan duk ƙarshen mako sukan fitar da sakamako, kuma kullum Auta ce ta ƙarshe, wai ba ta mai da hankali. Hedimasta ya kira ni ya ce za a mayar da ita ajin ƙanana. Ni kuwa a shago waya nake miƙa mata ta yi shiru, ina ta yi wa kwastomomi alfahari da haƙurinta.

Ranar Asabar sai ga Anti Kaka a ƙofar shagona.

"Baban Auta, ajiye almakashin nan. Ka taɓa lura da yadda 'yarka take riƙe waya?"

Na ce, "Da hannu mana, Malama."

"Kai ma da na'urar duk ɗaya kuke. A kunnen hagu take manna ta. Jiya na tsaya bayan aji na ce a hankali, wa ke son alewa? Yara ashirin da uku suka kusa kayar da ni. Ita ko waiwayowa ba ta yi ba."

Ranar Litinin muka je asibiti. Likita ya ce kunnen dama ba ya ji sam, na hagu ma ya fara rauni, da mun ƙara jinkiri da maganarta ta samu matsala. Aka sa mata na'urar ji. Yanzu Auta tun asuba take zuba, har mamanta kan ce, "Don Allah kai wa Anti Kaka 'yarta, kaina zai fashe." Da Hedimasta ya ce na'ura ba ta kuskure, cewa Anti Kaka ta yi, "Gaskiya ne, Yallaɓai. Ido ne dai ba ta da shi."

Anti Kaka, ke ce kika durƙusa shekara talatin da ɗaya don ki yi tsayi ɗaya da 'ya'yan mutane. Ke ce ba ki tsani sabon abu ba, ba ki kuma bar masa aikinki ba. Uwar 'ya'yan wasu, mai gwiwar ƙarfe, mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya.

Iyaye da malamai, mu yi koyi da ita. A ba yaro allo, ba laifi, amma a zauna kusa da shi, a kalli fuskarsa, a tambaye shi me ya gani.

Da na gaya mata zan yi wannan rubutu, ta ce, "Rubuta abin da ka ga dama, amma ka kuskura ka sa shekaruna, ni da kai ne." Malama, ki duba da kyau, ban sa ba.