Dutse a Hannun Dama

Tanimu yana haya a Kwamba, amma a gindin Dutsen Zuma aka binne cibiyarsa. Da can manomi ne. Ya ajiye fartanya shekarar da aka ɗauke ƙanensa Muhsin a gonarsu ta bayan dutsen, da rana tsaka, aka bar takalminsa ɗaya a kan kunya. Har yau shiru. Tun daga nan ya koma yi wa masu ɗaukar hoto jagora. Ya san sa'ar da rana take wanke fuskar nan da ke jikin dutse, da sa'ar da girgije yake naɗa masa rawani. Bayan dutsen ne kawai ba ya kai kowa.

Wata rana da damina, Vincent, direban da ke kawo masa baƙi daga Abuja, ya sauke wani dattijo mutumin Nepal, mabiyin addinin Buddha, kyamara a wuya, carbin katako a hannu.

"Wannan ba shi da hayaniya," in ji Vincent. "Ka dawo mini da shi kafin ruwa ya sauko. Ni zan ɗan runtsa."

Suka kama hanya, dutse yana damansu. Baƙon ya ɗauki fuskar, ya nemi izinin wata 'yar Gbagyi mai itace a kafaɗa, ya ɗauke ta. Da suka isa ƙoramar da Tanimu yake tsayar da kowa, ya ce su juya.

Dattijon ya girgiza kai. Da guntun Turancin da ya haɗa su, ya ce a garinsu ba a ba dutse mai daraja hannun hagu. In ka fara da shi a dama, sai ka zagaye shi.

"Baba, nan ba garinku ba ne," in ji Tanimu. "Can baya akwai mutane, kuma ba gaisuwa suke nema ba."

"Kai ka koma, zan same ka a mota."

Ya tsallake ruwan yana murmushi. Tanimu ya bi bayansa da kallo har ciyawa ta fara haɗiye shi. Takalmin nan ɗaya ya faɗo masa a rai. Ya yi bismillah, ya tsallaka.

Gamba ta fi tsayin mutum, hanyar manoma ta kusa shafewa, amma a kan laka ga sawun babura ɗanye. Gaba kaɗan ga toka mai ɗumi, ga yankakkiyar igiya. Baƙon ya ɗaga kyamara, ta yi ƙas, ƙarar ta shiga kunnen Tanimu kamar karyewar ƙashi. Tanimu ya damƙe hannun baƙon. A lokacin suka ji gurnanin injin.

Ya jawo shi cikin ciyawa, suka kwanta rub da ciki a laka. Babura suka zo wucewa, kowanne da goyo, da wani dogon abu naɗe a buhu. Na ƙarshe ya tsaya. Wani ya sauko ya tsuguna fitsari, kusa ƙwarai, har suna jin warin tabarsa. Cinnaku suka hau wuyan Tanimu suna cizo, bai motsa ba. Kusa da kunnensa ƙwayoyin carbin baƙon suka fara ƙwanƙwasar juna, domin yatsun dattijon rawa suke yi. Tanimu ya ɗora tafinsa a kai ya danne, leɓunansa suna Hasbunallahu babu sauti.

"Kai, yi sauri mana," in ji na kan babur.

Ƙarar ta yi nisa, ta ɓace. Ba su san ko su wane ne ba, ba su kuma tsaya tambaya ba. Baya babu lafiya, sai gaba. Suka wuce ɗorawar gonar su Muhsin, daji ya cinye komai, Tanimu bai ɗaga kai ba.

Yayyafi ya fara lokacin da suka ɓullo ta ɗaya gefen, suka iso mota.

"Ta ina kuka fito haka kamar kifin taɓo?" in ji Vincent.

Dattijon ya haɗa tafukansa ya rusuna wa dutsen, ya juyo ya rusuna wa Tanimu, ya daɗe a haka. Tanimu ya zauna a ƙasa.

Har yanzu yana jagora. Sai dai kafin baƙo ya rataya kyamara, yakan tambaye shi, "A garinku wane hannu ake ba dutse?" Yawanci dariya suke yi. Wanda ya ce dama kuwa, Tanimu ba ya kai shi gindin dutse, daga bakin titi zai ɗauki hotonsa ya koma.