Taswirar Ajin Malama

Shekarar da na shiga karatun digiri na biyu a fannin ilimi, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ina da goyo, kuma ina ji da kaina kamar ni kaɗai na gano abin da ke damun makarantun ƙasar nan. Malamin da ke duba aikina a jami'a, wani dattijo mai tsadar magana, ya karɓi taken binciken da na kai masa, layi uku cur, cike da adalci da shugabanci da kawo sauyi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan duk surutu ne. Je ki zauna a aji, ki gano mini wa ake yi wa tambaya, wa ba a yi wa. In kin dawo sai mu yi zancen adalci."

Aikin da ya ba ni har ya so ya ba ni haushi don sauƙinsa. Zan zana taswirar aji a farar takarda, kowane mazauni da ɗan akwatinsa. Duk lokacin da malami ya kira yaro ya amsa tambaya, sai in sa ɗigon biro a akwatin yaron. Shi ke nan. Na fito ofishinsa ina gunaguni, wai duk karatun da na yi a ƙare ni da ɗige-ɗige.

Makarantar da zan je kuwa ban yi dogon tunani a kanta ba. Malamar da ta koyar da ni a aji shida, lokacin muna zaune a Unguwar Sarki mahaifina yana aiki a sakatariya, ita ce a lokacin take shugabantar wata firamare a Rafin Guza. Ita ta koya mini raba dogon lissafi a barandar gidanta, kyauta, bayan la'asar, tana tsince shinkafa tana duba littafina. Ita ta naɗa ni monita. Ranar da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, ta riga mahaifina isa gidanmu da labari. Tun daga nan ba ta ƙara kiran sunana ba, sai dai "'yata". Ko da ta zama shugaba ba ta ajiye alli ba, ta riƙe lissafin aji biyar, ta ce ofis yana sa mutum ya manta warin aji. Na zaɓe ta ne don na tabbata taswirarta za ta fito tas, in mayar da babi na huɗu wurin yabonta. Ban ɓoye wa kaina wannan ba.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin safiyar Rafin Guza ta wancan lokaci. Keke mai ƙafa uku ya sauke ni a bakin titi, in ratsa lungu tsakanin masu walda da teloli da suke buɗe shaguna, in tsallake kwata, in ji ana buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro, wanda shi ne ƙararrawar makarantar. Lokacin hutun tara, mata su jeru a gindin katanga da awara da ɗanmalele da rake yanka-yanka. Ƙurar alli tana kama gyalena, in koma gida mijina ya ce ai daga nesa ake gane malamar makaranta.

Makon farko ban samu komai ba sai karramawa. Duk bayanin da na yi, malamai sun ɗauke ni sufeto. Aka ajiye mini kujera mai hannu a gaban aji, kusa da allo, da kunun aya mai sanyi a kan tebur. Yara suka miƙe suka rera mini gaisuwa. Kowace tambaya hannaye sama, kowace amsa daidai, har na fara zargin an yi bitar darasin jiya. Sai da na roƙi Malama da girman Allah ta bar ni in koma can baya.

"A baya? Baƙuwa guda, a kan benci mai ƙafa uku?" Ta yi dariya. "To, 'yan boko, ku kuka san abinku. Je ki, 'yata."

A mako na biyu aka daina kawo kunun aya. A na uku yaran suka manta da ni, har wata ta jingina da cinyata tana gyangyaɗi. A nan aikin ya fara.

A makarantar, kamar yadda aka yi a tamu, ana zaunar da yara ne bisa sakamakon jarrabawa. Wanda ya zo na ɗaya yana gaba, dab da teburin malami, a bi da bi har bango. Ba wanda ya taɓa ganin laifin wannan, mu ma da shi muka tashi, muna ma alfahari da shi. Sai dai da na zauna a baya na ga su wa ke bayan. Gaba 'ya'yan ma'aikata ne, masu jaka da safa da wanda zai duba musu aikin gida. Baya kuwa yawanci 'ya'yan mutanen da suka zo daga Zamfara da Katsina neman abinci ne, leburori da direbobi da masu tura baro, waɗanda aka sa su makaranta tsakiyar zango, ba su san inda aka faro ba.

Malama gwana ce, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Tana koyar da kashi-kashi da ɓawon lemo, tana sa aji dariya, ba ta riƙe bulala. Amma birona bai daina sauka a layi biyun gaba ba. Kullum ina canza takarda ina cewa gobe za ta gyaru. Da na tattara ɗigon makonni a taswira guda, saman takardar ya yi baƙi ƙirin kamar an zubar da gero, ƙasanta kuwa fari fat.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata yarinya da ke zama kusa da ni, siririya, mai ɗan hijabi da ya koɗe. Duk tambayar da Malama ta jefa, sai in ji ta tana faɗin amsa ƙasa-ƙasa, da harshenta na Zamfara, kanta a sunkuye. Sau da yawa tana riga na gaba. Ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ba a kuma taɓa kiranta ba.

Na kai wa malamina taswirar ina fatan ya ce in sake makaranta. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Yanzu kika fara bincike. Amma ba a rubuta abu a kan mutum a bayan idonsa. Ki nuna mata kafin ki kawo mini babi."

Na fi mako ina ɗauke da takardar a jaka. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Ba tsoron faɗuwa ba, digiri in bai samu bana ba, zai samu baɗi. Tsorona shi ne in rasa matar nan. A tarbiyyar da ita kanta ta ba ni, yaro ba ya buɗe baki ya ce wa wanda ya koya masa riƙe fensir ga kuskurenka. Na yi tunanin in ƙara ɗigo kaɗan a ƙasan takardar, wa zai sani? Har na cire murfin biro. Sai na tuna ranar da ta yaga mini shafi a aji shida don na goge amsa na rubuta ta allo.

Ranar wata Alhamis bayan an tashi na same ta a ofis tana cika rajista. Na durƙusa na gaishe ta kamar ban gan ta da safe ba, na shimfiɗa takardar, na yi bayani ina in'ina. Ta sa tabarau. Ta bi saman takardar da yatsa, ta gangaro, yatsan ya tsaya a farin wurin.

"Ashe auna ni kika zo yi."

"Wallahi Malama ba haka ba ne..."

"Kin san abin da ya sa ba na kiransu?" Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Yaro ya zo ba karin kumallo, ba littafi, Hausarsa ma dariya ake yi mata. In tsayar da shi gaban 'yan'uwansa ya kasa? Gobe ba zai dawo ba. Rufa musu asiri nake yi. Shekara da shekaru ina rufa musu asiri, yau kin kawo mini takarda."

Na ce mata akwai wadda ta san amsa, ina jin ta kullum. Can ta cire tabarau ta ce, "A ajinku na shida, su wa ke zama a bencin baya?"

Na shiga lalube a raina. Na tuna wadda muke gasa da ita, na tuna launin labulen taga, na tuna har takalmin Malama. Bencin baya kuwa ko fuska ɗaya ban gani ba. Sai ta fara jero sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowa da sana'arsa. Ta ce wane yana faci a bakin kasuwa, wance ta rasu wajen haihuwa, wance ita ce mai ƙosan da ke mahaɗar titinku, wadda kike aika a sayo miki.

"Ni ban tambaye su ba," in ji ta. "Ke kuwa ko waiwayawa ba ki yi ba. Bar mini takardar. Sai an jima."

Na fito ina kuka a lungun masu walda, ban damu da wa ke kallona ba.

Ran Litinin na koma da niyyar yin sallama. Na tarar da aji biyar a hargitse, ana jan benci. Malama ta sa layin baya ya dawo gaba, kowane layi ya ja baya da ɗaya, ta ce haka za a riƙa juyawa duk Litinin. 'Yan gaba suna ta kumbure-kumbure. Ta rubuta lissafi a allo, ta juyo, ta nuna siririyar yarinyar nan. Yarinyar ta miƙe ta ce, "Biyat na, Malama." Aji ya kwashe da dariya. Malama ta buga tebur da dasta.

"Biyat ɗin nan ita ce daidai. Wanda ya samu wata amsar ya ɗaga hannu mu yi masa tasa dariyar."

Ba duka aka yi daɗi ba. Wani yaron da ta kira ya kasa, ya yi kwana biyu bai zo ba, sai da ta je gidansu da kanta. Wani uba, babban ma'aikaci, ya zo har ofis yana faɗa wai an mayar da ɗansa baya alhali shi ya zo na ɗaya. Ta saurare shi tsaf, ta ce ya yi haƙuri, Litinin huɗu ɗansa zai dawo gaba. Ta sa na kawo mata fararen taswirori, ta riƙa shiga azuzuwan malamanta tana zama a baya da biro. Tun da ta fara nuna musu tata, babu wanda ya samu bakin ƙorafi.

Ranar da na gama, ta ce mini, "Ki rubuta yadda kika gani. Kar ki sa sunana, kar kuma ki rufa mini asiri. Allah ya ba da sa'a, Malama."

"Malama" ta kira ni. Daga ranar ba ta ƙara ce mini 'yata ba. Na ci jarrabawa, na kai mata kwafin kundin, ta sa albarka, ta ce Malama an gode. Bayan ta yi ritaya ta koma gidan ɗanta a Kinkinau, ina zuwa gaishe ta duk salla, ta tambayi yara, ta ba ni dabino, amma Malama dai. Shekaru ina juya abin a raina, ko girmama ni take yi, ko kuwa ƙofa ce ta rufe. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Bara ta rasu. Ranar sadakar uku, ina shirin tafiya, surukarta ta biyo ni zaure da wata tsohuwar ambulan, ta ce a cikin akwatin takardun Hajiya aka gani. Taswirar ce, ta yi laushi don ninkewa. A farin wurin nan na ƙasa ta rubuta sunan kowane yaro a akwatinsa da jan biro, kuma kowane suna da ɗige-ɗigensa, wasu da yawa, wasu biyu ko uku, babu dai wanda ya tashi a banza. Na juya bayan takardar. Da rubutunta mai kwanciya, irin wanda take sa mana maki da shi, ta rubuta: "Ta 'yata ce. A mayar mata."