Furar da Gari Ya Ƙi Sha

A shekarun da nake koyarwa a makarantar elemantare ta Tambuwal, Turawa suna nan ba su tafi ba, babu abin da ke cinye mini lokaci kamar 'yan ƙananan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa kan tabarma ranar kasuwa. Na karanta su har na koma ganin duniya da idonsu. Duk macen da na gani ta yi tagumi a bakin rijiya, sai in ƙaga mata masoyi a wata ƙasa mai nisa. Daga nan na ƙudura sai na rubuta nawa littafin, amma na abin da ya faru da gaske.

A bakin wani mai goro na tsinci labarin. Wani manomi mai shanu a Kebbe ya fita kiwo da gorar fura, da la'asar shanun suka dawo gida ba shi. Aka same shi a gindin tsamiya ya cika, gorar tana gefensa an sha rabi. Alƙali bai sami abin kamawa ba. Baturen gunduma ya rubuta abin da zai rubuta, ya hau dokinsa. Amma gari ya yanke nasa hukuncin, wai matarsa ce ta sa masa guba. Ita kuwa sayar da fura ce sana'arta. Kusan shekara ashirin ke nan ba a sha daga hannunta.

Da hutun kaka ya zo na ɗaure littafin rubutu a bayan keke na kama hanya. Dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, balbelu suna tashi daga bayan shanu kamar an watsa auduga. Ina taka keke ina saƙa matar a zuci: doguwa, mai wushirya, da wani saurayi da take hange ta katanga. Kafin in isa Kebbe na gama babi uku a kaina, har na yi mata ƙwalla.

Kwana uku ina bin zauruka. Kowa na tambaya sai ya ce, "Haka anka ce." Daga ƙarshe aka nuna mini wani tsohon ladan, aka ce shi ya wanke gawar. Na tarar da shi a zaurensa yana tufkar igiya.

"Baba, kai kaɗai ka ga jikinsa. Me ka gani?"

"Malamin boko, mai wankan gawa amana anka ba shi. Abin da hannuna ya taɓa, ƙasa ta rufe."

"To ita ce ta kashe shi?"

Ya dube ni, ya aje igiyar. "Ka ci abinci? Tashi ka raka ni kasuwa."

A can gefe, bayan rumfunan mahauta, wata gajeruwar tsohuwa mai giɓi tana zaune tana saƙar faifai, da ƙwarya ɗaya rufe a gabanta. Babu wushirya, babu katanga. Tana hango ladan ta ɗaga murya yadda rabin kasuwa zai ji.

"Tsoho mai taurin rai, yau ma ka zo neman mutuwa?"

"Shekara ashirin kina gwadawa, kin kasa. Hannunki ba shi da sa'a. Dama mini."

Ta dama, ya zauna yana fuskantar mutane, ya yi bisimilla ya sha. A nan na fahimta. Duk abin da ya gani a jikin mamacin, sirrin mamacin ne, ba zai tona ba. Amma ya san ba fura ba ce, don haka kowace ranar kasuwa yake zuwa ya ba da shaidarsa da ludayi, ko gari ya karɓa ko ya ƙi.

Sai tsohuwar ta juyo gare ni. "Wanga baƙo fa, ɗan wa ne? Ko shi ma an gaya mai?"

"Littafi yake rubutawa a kanki," in ji ladan.

Ta yi dariya, ta miƙo mini ludayin. Mahauta suka tsaya da sara. Na leƙa cikin ƙwaryar, sai na ga kamar inuwar tsamiyar nan tana yawo a kan nonon, da shanu suna tafiya gida su kaɗai. Babi ukun da ke kaina duk sun ce kada in sha. Na yi bisimilla na kai baki. Sanyi, da ƙamshin citta da kanumfari. Na ƙara wani ludayin, na ƙara, sai da ladan ya ce in rage masa.

"Inna, me zan rubuta?" na tambaye ta.

Ta share ido da bakin mayafi. "Ka ce furata ba ta da gudaji."

Littafin bai taɓa fita ba, don har yau ban san abin da ya kashe mutumin ba. Amma wannan na sani, na kuwa sha da bakina: furarta ba ta da gudaji.