Kande Mai Wanka da Wanzamin da Ya Haɗiye Sunanta

Ranar da Kande mai wankan gawa ta kai ƙarar Ɗanladi wanzami gaban mai unguwa, duk unguwar Birni sai da ta san an yi shari'a. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, sata aka yi mini."

"Me aka sace, Inna Kande? Akuya?"

"Magana."

Mai unguwa ya dube ta, ya dubi Ɗanladi da ke zaune yana wasa aska a tafin hannu. Ya ce, "To maganar, da kika duba da safe, ba ta nan?"

"Tana nan."

"Ta ragu?"

"Ba ta ragu ba."

"Inna, ni wannan ɓarawo in ya samu hali ya zo gidana ma."

Maza suka kwashe da dariya. Ɗanladi har da share hawaye. Kande ta tashi, zaninta ya maƙale a ƙusar benci, ta fita da rabinsa a hannu. Mu matan da muka raka ta muka yi dariyarmu a ciki, don bakin Kande ba a tsokanarsa a rana mai zafi.

Ga asalin abin. A fari na farko, lokacin da ake rabon jar dawar taimako, mutanen ƙauye suka cika bayan ganuwa, daga Hamdara, daga Damagaram Takaya, daga garuruwan da ko mai garinsu ya gudu. Suna mutuwa ba wanda ya san su. Kande ce ke wanke matan, mijinta Mai Nasara ke haƙa kabari. Ita kuwa ba ta taɓa gawa sai ta bi rumfa rumfa ta tambaya: wace ce, 'yar wa, daga ina? Mace ba ta shiga maƙabarta, to sai ta yi dabara. Duk wadda ta wanke, sai ta ɗauki wani abu nata, murfin tukunya, ko kwanon sha mai tsatsa, ko ɗan dutsen niƙa, ta ba mijin ya kafa a kan kushewa. Shi ya san wuri, ita ta san mai kaya. Da Allah ya ɗauke Mai Nasara, kayan suka rage a tsaye, sunayen suka rage a kan Kande.

Ɗanladi ya zo ta'aziyya, ya ga wuri, ya ci gaba da zuwa. Ya ce yana so ya riƙa gyara alamun in ruwa ya karkatar da su. Ta yi ta lissafo masa, shi kuma yana da kai, ba a raina shi nan. Da aka samu damina, baƙi suka fara zuwa neman nasu. Namiji kuwa wa zai tambaya in ba namiji ba, kuma ga rumfar wanzami a bakin ƙofar maƙabarta. Sai Ɗanladi ya gyara hula, ya shige gaba, ya nuna murfin tukunya ya ce, "Ga ta nan. Ni na san su duka." A yi masa addu'a, a ba shi goro, a koma ƙauye da sunansa. Kande ba goron ne ya dame ta ba, haƙoranta biyu ne, su ma ba sa ga maciji da juna. Cewa take, "Ni dai ya riƙa cewa daga bakina ya ji. In mutum yana da sauran tambaya, ya san ƙofar da zai buga." Aka ce tsohuwa na son suna.

Haka aka zauna har fari ya dawo karo na biyu, ƙauye ya sake kwararowa. Wata rana a layin famfo, wata baƙuwa mai suna Wasila tana ba mu labari cewa surukarta ma nan ta kwanta a wancan farin, Ramlatu 'yar Hamdara, ita da jaririyar da ke bayanta. Mijin Wasila, Alkasum, ɗan Ramlatun, yana ci-rani lokacin, da ya dawo wani wanzami ya nuna masa kabarin, ya ce uwa da 'ya tare aka sa su.

Kande ta sauke tulu. "Ramlatu mai gajeren yatsa? Wadda aka kafa wa tasa a kan kushewa?"

"Ita."

"Tare da wa aka sa ta? Ni na kwance goyon da hannuna, tana tsala kuka kamar an yanka ta! Ke, Balki, ina Sakina?"

Balki mai ƙosai, wadda ta shayar da yarinyar ta raine ta, tana bayanmu a layi. Kande ta sha aika saƙo Hamdara a wancan lokacin, amma gidan ya watse, ba wanda ya amsa. Sai ga Sakina an kira ta, doguwa, da tiren ƙosai a ka. Da Alkasum ya zo ya gan ta, bai tambayi kowa komai ba. Fuskar uwarsa ce ke tsaye tana kallonsa. Ƙato da shi ya zauna a rairayi ya yi kuka. Balki ma ta yi, don ta zaci raba ta za a yi da 'yar, har sai da ya rantse mata cewa zumunci ya zo nema.

Washegari aka koma gaban mai unguwa, kuma wannan karon ba Kande ce ta kai ƙara ba, Alkasum ne. Ɗanladi ya zo ba aska, ba fara'a.

"Ranka ya daɗe, ni abin da Kande ta gaya mini na faɗa. Kande ce ta ce inda aka kafa tasa, nan Ramlatu take. Kande ba ta ce mini akwai yarinya a raye ba. A tambayi Kande."

Wata daga bayanmu ta ce, "Yau kuma ya iya sunan."

Mai unguwa ya ce, "Ta ce maka yarinyar ta mutu?"

"Ba ta ce ba. Mutumin ne ya tambaye ni, na ga shekarar ba ta bar jarirai ba, sai na..."

"Sai ka cika da naka."

Alkasum ya dubi Ɗanladi ya ce, "Baba, da ka ce mini wata tsohuwa ce ta sani, da ban kwana ba sai na same ta."

Nan mai unguwa ya yanke: duk wanda ya nuna wa baƙo kushewa, ya faɗi daga bakin wa ya ji, kuma ya nuna masa gidan. Har yau a Birni haka ake yi. Za ka ji mutum a tsakiyar maƙabarta yana cewa, "In ji Kande, daga mijinta Mai Nasara," alhali dukansu sun daɗe da bin mutanen da suka yi wa alama.

Amma a ranar Ɗanladi bai sauka nan take ba. Ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba dai. Wurin da mace ba ta shiga, ni da gemuna in tsaya ina kiran sunan mace?"

Kande ta juyo gaba ɗaya, ta auna shi daga hula har takalmi.

"Wanzam, sunana aka ce ka shiga da shi, ba a ce ka goya ni ba."